Daddawar da Ta Kwana Shida

Bari in faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne. Ba wanda ya yaudare ni, ba wanda ya yi mini asiri, kuma ba zan ɗora wa Shaiɗan ba, don na tabbata a wannan makon yana can wani gari yana wani aikin, ya ga ni kaɗai ma na isa. Abin da nake roƙo kawai a saurari yadda aka yi, domin wautar tawa ba irin ta jahilai ba ce. Wauta ce ta mai ilimi. Na yi elemantare har aji huɗu, na yi masinja a ofishin gona shekara bakwai, kuma har yau in takarda ta zo unguwarmu da Turanci ni ake kawo wa, in juya ta gaba da baya, in ce ta gwamnati ce.

Maiɗakina, wadda duk ƙauyenmu ke kira Hajiya, daddawa take yi. In na ce tana yi, ban faɗi komai ba. Tsakanin Bici da Tsanyawa akwai matan da in ba tata ba, gara su ci miya lami. Shekara arba'in da 'yan kai tana dafa kalwa, ba a taɓa jin an ce ta ɓata tukunya ɗaya ba, kuma mata sun yanke hukunci cewa hannu ne Allah Ya ba ta. Hajiya ba ta da gona, ba ta da saniya, ba ta taɓa riƙe wani muƙami ba. Wannan suna shi ne abin da ta mallaka a duniya, kuma da shi take shiga taron mata ta zauna inda ta ga dama.

Kalwar daga ɗorawa biyu take samunta, na gadon uwarta. Gonar da suke tsaye a ciki an daɗe da sayar da ita, har ta wuce hannu uku, amma a wajenmu sayar da gona ba ya sayar da itace. Mai gona ya noma geronsa, ranar roron ɗorawa kuma ya matsa gefe. To, a shekarar da nake magana, ɗaya daga cikin itatuwan ta yi yaji, ko fure ba ta yi ba, ɗayar kuma ta ba da abin da ta ga dama. Da aka fasa, aka cire gari, aka wanke, kalwar da ta rage dahuwa ɗaya ce tak. Kalwar kasuwa kuwa Hajiya ba ta taɓa ta, ta ce ana gauraya sabuwa da ta bara, ita ba za ta sa hannunta a abin da ba ta san uwarsa ba. Wato daddawar shekara gaba ɗaya, tamu da ta masu jira, tana cikin tukunya guda.

Ni kuma ina da ciwon ɓarin kai. Tun ina saurayi nake da shi. Yana zuwa ne kamar baƙon da bai san sallama ba: in fara ganin wani ƙyalli-ƙyalli a gefen ido, sai ɓarin hagu ya kama, kamar ana daka a cikin kunnena. Ba abin da ban yi ba. Wanzami ya yi mini ƙaho har ƙeyata ta zama kamar gonar da aka yi wa shuka. Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na ɗaure kai da rawani har idona ya firfito. Daga ƙarshe autarmu ta kai ni asibiti a birni, likita ya auna jinina, ya yi ta tambayoyi kamar alƙali, ya rubuta wata ƙwaya ya ce in na ji ciwon ya taso in sha ɗaya. Ƙwayar tana aiki, ba zan ci amanarta ba. Amma tana ba ni haushi. Ƙarama ce kamar ƙwayar dawa, kemis ɗin garinmu ba ya da ita, sai an shiga birni, kuma ni ban ga dalilin da zai sa mutum mai gemu kamata ya dogara da abin da in ya faɗi ƙasa kaza za ta tsince ba.

Autar nan tamu tana jami'a, tana karatun sinadarai. A bazarar nan ta zo hutu, ta tarar uwarta ta ɗora kalwa a wuta. Ina kishingiɗe a rumfa na gan ta tsugune gindin murhu da littafi, tana tambayar uwar tana rubutawa. Wai aikin bincikenta na ƙarshe a kan daddawa ne.

Na ce, "Ke auta, shekara huɗu ana kai ki birni ana dawo da ke, ashe daddawa kike koyo? Ai da kin zauna a nan, ga malamar a gida."

Ta ce, "Baba, ba yin ta nake koyo ba. Abin da ke cikinta nake aunawa."

"Me ke cikinta ban da wari?"

Ta taso ta zauna gefen tabarmata. Ta ce idan Inna ta rufe kalwa, akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke cin ta, su farfasa abincin da ke cikin ƙwayar, sai wasu sinadarai su fito. Ɗaya daga cikin waɗanda take nema sunansa tiriftamin. Na ce ta maimaita. Ta maimaita. Na ce wannan ai sunan ɗan kwangila ne. Ta yi dariya, ta rubuta mini shi a bayan kwalin maganina.

Ta ce ba a daddawa kaɗai yake ba, yana cikin tsirrai da dama, yana ma cikin jikinmu, ɗan kaɗan. Wai a hanjin ɗan Adam akwai irin waɗancan halittun, su ma suna yin sa, shi kuma yana zuga hanji ya motsa. Wai yana da dangi a jiki, manyan mutane: akwai wanda ke da hannu a walwalar zuciya, akwai wanda ke gaya wa jiki cewa lokacin barci ya yi. Su kuma masu haɗa magani suna ɗaukar siffarsa kamar harsashin gini, su ɗora wani abu a kai, su fitar da magani. Sai ta ƙwanƙwasa kwalin da farce ta ce, "Har ma ƙwayar nan taka ta ciwon kai, Baba, 'yar gidansu ce."

To, a nan kunnena ya rufe. Ta ci gaba da magana, na ga bakinta yana motsi, na kuma tuna ta ce "amma" wajen sau uku. Ni kuwa na riga na yi nisa. Tambaya ɗaya na yi mata.

"In kalwar ta daɗe a rufe, abin ƙaruwa yake ko raguwa?"

Ta ce, "Yawanci irin waɗannan ƙaruwa suke, shi ya sa ma ake so a..."

Na ce, "Ya isa. Allah Ya yi miki albarka."

Ku duba lissafin da kanku, ku gaya mini inda ya karye. Maganin ciwon kaina ɗan gidan tiriftamin ne. Tiriftamin yana cikin daddawa. Daddawa tana gidana. In ta daɗe a rufe, yana ƙaruwa. Ashe shekara da shekaru ina kwana gida ɗaya da kamfanin magani, ina shiga mota zuwa birni neman abin da matata ke shanyawa a kan rufin ɗaki! Kuskuren Hajiya ɗaya ne, gaggawa: tana buɗe ta a kwana uku, tun maganin bai kankama ba. Abin ya ba ni haushi sosai, har na ji tausayin mutanen ƙasar nan da ba su da mai yi musu tunani.

Washegari auta ta koma makaranta. Hajiya ta ci gaba da aikinta. Wanda bai taɓa gani ba yana tsammani daddawa wasa ce. Kalwa ta kwana ta wuni a wuta, ana ƙara ruwa ana tura itace. Aka sauke, aka surfa a turmi, aka wanke ɓawon, aka tsince ta ɗaya bayan ɗaya, aka sake mayar da ita wuta da 'yar kanwa. Ran Litinin da la'asar ta tsane ta, ta juye da zafinta a babban kwando, ta rufe da buhuna da tsofaffin zannuwa, ta kai ɗakin ajiya ta ja ƙofa. Idonta ya yi ja da hayaƙi, bayanta ya ƙage, ta ce saura kwana uku ta huta.

Talata da sassafe aka bugo waya daga Tsanyawa: matar yayanta ta rasu. Hajiya ta yafa mayafi tana hawaye, aka tsayar mata da mota a bakin titi. Matar ƙanina, wadda gidansu ke jikin namu kuma ita ke taya ta kirɓi, ta tafi rijiya a lokacin. Don haka ni aka bar wa saƙo. Hajiya ta danƙa mini mabuɗi ta ce, "Malam, sai an yi bakwai zan dawo. Jibi Alhamis da hantsi, ka ba ta mabuɗin nan, ta buɗe ta kirɓa ta shanya. Da hantsi, Malam. Ka ga zafin da ake yi, kada ta kai azahar."

Na ce, "Ki je kawai. Kamar ina da wani aiki ne?"

Allah Ya ji ƙan wadda ta rasu, mutuniyar kirki ce. Amma ina tsaye a bakin titi, mabuɗi a hannuna, sai na ji kamar an buɗe mini ƙofar da ilimi ya daɗe yana jira.

Alhamis da hantsi matar ƙanina ta shigo da taɓarya a kafaɗa, ba tare da an kira ta ba. Ta ce, "Yaya, ina kwana. Na jiyo ƙamshinta ta katanga, ta nuna. Ba ni mabuɗi."

Na ce, "Akwai sabon tsari."

"Wane irin tsari? Hajiya ce ta ce?"

"Ba komai ake gaya wa kowa ba."

Ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Yaya, kalwa ba ta jira. Yau in ta wuce, shi ke nan."

Na ce mata ita nawa ne ajinta a makaranta. Ta ce ba ta shiga ba. Na ce to. Ta ɗauki taɓaryarta ta fita tana salati. Ga irin abin da ke ba ni haushi da mutanenmu: mace ta san gaskiya, amma don ka ɗan ɗaga mata murya sai ta tafi ta bar ka cikin halaka. Da ta fizge mabuɗin nan, wa zai kai ta ƙara?

Da ta fita na buɗe ɗakin na ɗaga buhu. Wallahi daddawa ta yi. Ta yi laushi, ta yi yauƙi, ƙamshi ya cika ɗaki, irin wanda ke sa ka tuna miyar kuka ko ka ƙoshi. Na ɗebi cokali guda na haɗiye, haka nan gayanta, na ce wannan gwajin farko ne. Na mayar da rufi, har na ƙara mata tsohon bargona, don na lura halittun nan suna son ɗumi.

Da yamma Hajiya ta bugo daga gidan makoki, murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Malam, an buɗe?"

Na ce, "An buɗe." Kuma an buɗe ɗin. Ina so a rubuta wannan, ban yi mata ƙarya ba.

"Ta yi kyau?"

"Ba ki taɓa yin kamarta ba."

Ta ce alhamdu lillahi, ta kashe.

Juma'a ƙamshi ya sauya hali. Ya bar hanci ya koma ido. In ka taɓa shiga turken awaki da rana tsaka a bazara, ka san abin da nake nufi. Na sha cokali biyu da safe, biyu da rana, ina toshe hanci, ina gaya wa kaina cewa magani mai daɗi na yara ne. Kafin lokacin masallaci na tabbatar da wani ɓangare na karatun auta: lalle akwai abin da ke zuga hanji. Ko tiriftamin ne ko wani maƙwabcinsa, ban sani ba, amma sau huɗu na ɗauki buta. Na ce madalla, alama ce aiki ya fara daga ƙasa, zai hau sama.

A masallaci kuwa, sahu ya cika maƙil, mutane har waje, amma ni aka bar mini fili dama da hagu kamar hakimi. Da aka idar, abokina tela ya jawo ni gindin dalbejiya. Tare muka tashi da shi. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi ko gaisuwarsu bai iya ba, bakin tsiya kawai ya gada.

Ya ce, "Kai, tsakaninka da Allah, me ya mutu a gidanka?"

Na ce bincike nake yi. Na zaro kwalin magani na nuna masa sunan. Na yi masa bayanin halittu, da dangi, da harsashin gini. Na gaya masa in abin ya tabbata, ba mai sake zuwa birni neman maganin ciwon kai a ƙasar nan.

Ya ce, "Hajiya ta sani?"

Na ce, "Za ta sani."

Ya ce, "To ka bar mini wasiyyar kekenka." Ya matsa ya koma ɗaya gefen bencin, wai iska daga wajena take kaɗowa. Shekara sittin muna tare, shawarar da ya iya ba ni ke nan.

Asabar da hantsi, ina zaune a zaure, sai ga ƙyalli-ƙyallin nan a gefen ido. Kafin in miƙe ɓarin hagu ya kama. Ban taɓa jin irinsa ba. Ba daka ba ne wannan karon, maƙera ne suka kafa uwar maƙera a bayan idona. Mai hankali zai tashi ya ɗauki ƙwayarsa, tana nan cikin aljihu. Ni kuwa na ce a'a, ciwo ne ya ji magani ya shigo masa gida, shi ya sa yake hauka, yanzu ne ma ya kamata a ƙara masa wuta. Na rarrafa zuwa ɗakin ajiya. Ƙudaje sun yi baƙi a jikin ƙofa, kamar ana rabon zakka. Na ɗaga bargo, abin ya yi ruwa, ya yi duhu, ya daina kama da abinci. Na rufe ido na sha cokali uku.

Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne. Ya isa in ce na wuni tsakanin ɗaki da bayan gida, ina amai ina salati, haske in ya taɓa idona kamar an soka mini tsinke. Ƙanina ya shigo ya same ni kwance a ƙasa na rufe kai da zanen Hajiya. Matarsa na biye, ba ta ce mini sannu ba, ta zura hannu a aljihuna ta zare mabuɗin, abin da ya kamata ta yi tun Alhamis. Na ji ta buɗe ƙofa, na ji ta ce, "Inna lillahi! Har da tsutsa!"

Ƙanina ya kira auta, ya danna inda murya ke fitowa fili, ya ajiye wayar kusa da kunnena. Ya riga ya gaya mata komai.

Ta ce, "Baba! Baba, me ka yi?"

Na ce da ƙyar, "Abin da kika ce."

"Ni? Yaushe na ce ka sha ruɓaɓɓiyar kalwa?"

"Kin ce 'yan gida ɗaya ne."

Ta ce, "Baba, cewa na yi an gina maganin a kan siffarsa. In an ce da bulo ake gina ɗaki, sai ka je ka kwanta a kan tarin bulo ka ce ka shiga ɗaki? Shekaru masana suka yi suna sassaƙa abin nan kafin ya zama ƙwayar da kake rainawa. Kuma na gaya maka, wanda aka ci a abinci, hanji da hanta suna rusa yawancinsa tun bai je ko'ina ba. Na gaya maka in abinci irin wannan ya wuce lokacinsa, sinadaran da ke taruwa a ciki su ne ma ke tayar wa wasu mutane ciwon kai. Shi ya sa muke aunawa, don kada su yi yawa! Duk na faɗa maka, kana gyaɗa kai!"

Na ce, "Ba ki faɗa da ƙarfi ba."

Sai na ji muryarta ta sauka. Ta ce da ƙanina, "Kawu, don Allah ku kai shi asibitin gari yanzu, ku tafi da kwalin maganinsa su gani. Kada ku biye masa." Can kuma ta ce, "Inna ta sani?" Ƙanina ya ɗauke wayar ya fita neman babur.

Aka ɗora ni a babur kamar buhun gero. A asibiti wata ma'aikaciya, sa'ar jikata, ta sa mini ruwa, ta tambayi abin da na ci. Na gaya mata. Ta fita, na jiyo ta tana gaya wa 'yan uwanta, na jiyo abin da suka yi. Ba a koya musu ladabi a makarantun nan.

A daren aka sallame ni, Lahadi da hantsi kuma Hajiya ta dawo, ba ta jira bakwai ba. Ina kwance a zaure na ji sallamarta. Ta dube ni ta ce, "Ya jiki?" Na ce da sauƙi. Ta wuce. Na ji ƙarar ƙofar ɗakin ajiya, sannan ban sake jin komai ba. Na yi ta jira ta yi faɗa. Na ma tanadi amsoshi, guda uku masu kyau. Ba ta ce uffan ba. Ita da matar ƙanina suka kama kwandon suka fitar ta ƙofar baya, suka haƙa rami a bayan gida suka binne. Bargona ma aka binne tare da shi, ba wanda ya nemi izinina. Ta dawo ta wanke ɗakin da toka, ta dama mini kunu, ta kawo ta ajiye. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Mutum yana kwance ba lafiya a zo ana yi masa kirki da gangan!

Ni a zatona an gama. Ashe wari ya riga ya zaga gari, kuma wari ba ya faɗin sunan wanda ya yi shi. Abin da mutane suka sani shi ne daddawar Hajiya ta ruɓe har an binne ta. Matar ƙanina ta kame bakinta don kunyata, tela kuma, da na zaci zai yaɗa, ashe a wannan karon ne ya ga damar riƙe amana.

Jajiberin kasuwa, ranar da mata suka saba zuwa karɓa, sai ga su da kwanoninsu, su wajen takwas, har da masu zuwa daga ƙauyukan gefe. Suka gaishe ni a zaure suka shige. Suka yi wa Hajiya ta'aziyya, aka yi addu'a. Ina jin komai, don katangar zaurenmu ba ta ɓoye magana. Hajiya ta ce su yi haƙuri, bana babu.

Wata tsohuwa, wadda tun Hajiya na amarya take sayen daddawarta, ta ce, "Mun ji. Mun ce ko ƙarya ne. Hajiya, ke ce da ruɓewa?"

Hajiya ta ce, "Haka Allah Ya so."

Wata ta ce, "Ai hannu yana tsufa. Innata ma haka ta yi, tana cikin yi lafiya lau, rana ɗaya ya juya mata, ba ta sake daidai ba."

Wata ta ce, "Ko mantuwa ce ta fara? Ki riƙa sa yara suna tuna miki kwanaki."

Na kasa kunne in ji Hajiya ta ce Malam ne. Kalma biyu kawai, ta wanke kanta. Ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ku sha ruwa mana." Wato za ta bar sunan da ta yi shekara arba'in tana ginawa ya tafi a kwanonin matan nan, don kada a ce mijinta ya zauce. Haushinta ya kama ni, haushin matan ya kama ni, haushin auta da ba ta iya ɗaga murya ba, haushin ɗorawar da ta yi yaji. Na jawo hula na sa, na yi gyaran murya na shiga tsakar gida. Mata suka gyara mayafi.

Na ce, "Ku saurara. Hannun Hajiya lafiyarsa ƙalau. Ran Alhamis da hantsi ni na buɗe kwandon nan da kaina, kuma ban taɓa ganin daddawa irinta ba. Tana Tsanyawa, ta bar saƙo daidai, da rana da lokaci. Ni na riƙe mabuɗi na hana a kirɓa, har ta kwana shida."

Tsohuwar nan ta saki baki ta ce, "Kai, Malam? Don me?"

Da na tsaya a nan, da na fita da sauran mutuncina. Amma an tambaye ni dalili, kuma ni mutum ne da ba ya barin jama'a cikin duhu. Na zaro kwalin magani. Na ce akwai wani abu da ake kira tiriftamin. Na yi musu bayanin halittu, na yi na hanji, na kawo dangi, na dire a harsashin gini. Na ga wata ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na rawa. Na ɗaga murya. Na ce duk wani magani da suke sha, sai da wani ya yi kasada ya gwada kafin ya zo hannunsu, kuma ba a taɓa samun ilimi ba tare da an yi asarar wani abu ba.

Na ce, "Saboda haka, in za a raba laifin nan da adalci, kashi uku ne. Akwai na yarinya, da ta kawo magana ba ta ƙarasa da ƙarfi ba. Akwai na zafin bana, wanda kowa shaida ne. Sauran, ɗan abin da ya rage, na yarda a rubuta a kaina. Hajiya dai ba ta da ko ƙwayar zarra."

Hajiya tana zaune bakin murhu tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce:

"A'a, Malam, kada ka ɗauke mini nawa. Kafin in tafi na ɗaure awaki, na rufe kaji, na toshe ramin ɓera. Kai na manta na bari a sake."